Jinjina ga Masu Tsaron Rubuce-rubucen Timbuktu

Tsofaffin littattafan Timbuktu, a ƙasar Mali, gado ne da iyalai suka riƙe a gidajensu tun kaka da kakanni. Sun ƙunshi fiƙihu, tarihi, ilimin taurari, magani da wasiƙun fatake. Yawancinsu da Larabci aka rubuta su, wasu kuma da ajami.

A 1996 iyalan suka kafa ƙungiyar SAVAMA-DCI, wadda Abdel Kader Haidara ya jagoranta, domin kula da wannan dukiya. Da 'yan bindiga suka mamaye garin a 2012, mutanen gari suka sa rayukansu cikin haɗari. Sun zuba littattafai kimanin 350,000 cikin akwatunan ƙarfe, suka kai su Bamako a ɓoye, wasu a mota, wasu a kwalekwale ta kogin Neja.

Daga 2013 ƙungiyar ta haɗa gwiwa da cibiyar adana tsofaffin rubuce-rubuce ta HMML da ke jihar Minnesota a Amurka. Cibiyar ta kawo kyamarori da horo, 'yan Mali kuma suka riƙa kakkaɓe ƙura, suna ɗaukar hoton kowane shafi, suna rubuta bayaninsa. Littattafan na asali sun ci gaba da zama mallakin iyalansu. A 2022 Google ya sanya shafuka fiye da 40,000 a intanet cikin shirin Mali Magic.

Albarkacin wannan haɗin kai, ɗalibi a Kano ko Damagaram yana iya nazarin ilimin magabata daga wayarsa. Waɗannan iyalai da ma'aikatansu sun cancanci yabo da addu'a.