Wasan labari mai shafi guda: ko ya dace da mu?

Jama'a, kun san dara: gurbi 30, kowa da ƴaƴa 12, wanda ya jera 3 ya ci ɗan abokinsa. Kun kuma san wasan kara, inda saurayi kan zama sarki ko alƙali don ba'a. To, Turawa suna da wani wasa tsakanin waɗannan biyu. A zaune ake yin shi. Mutum guda ya riƙe labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya zama wani cikin labarin, ya faɗi abin da zai aikata.

Wanda ya fara yin suna shi ne Dungeons & Dragons, da ya fito Amurka a 1974. Manyan dokokinsa sun cika littattafai 3 masu kauri. Manomi ina ya ga wannan lokaci? A 2013 wani Ba'amurke, John Harper, ya fitar da Lasers & Feelings, kyauta, dokokinsa duka a shafi guda.

Ga yadda yake. Kowa ya zaɓi lamba daga 2 zuwa 5. In aikin da za ka yi na lissafi ne da natsuwa, ka jefa ɗan lido mai fuska 6, kana neman ƙasa da lambarka. In na zuciya ne, kamar lallashi, kana neman sama da ita. Mai 5 gwanin lissafi ne, amma ba ya da baki. Mai 2 yana da baki, lissafi ya gagare shi. Nan Harper ya yi hikima, don babu mai iya kome shi kaɗai, dole a jingina da juna.

Amma akwai aibu. Da Ingilishi aka rubuta shi, labarinsa kuma na jirgi ne mai yawo cikin taurari. Me ya haɗa mutumin Buza da wannan? Sa'a, mai shi ya yarda a sake labarin. Sai a ce motar albasa ce ta taso daga Madawa ta mace a daji, ko garin da ke gardama kan gyaran fako, irin aikin da aka fara a Keita a 1984.

Aibu na biyu ya fi nauyi. Kayan duka a kan mai riƙe labari suke. In bakinsa ya mutu, wasa ya mutu, takardar kuwa kaɗan take taimakonsa. Dara ba ta da wannan ciwo.

Saura ɗan lido. Dattijo in ya gan shi zai ce caca, ko da babu dala a ƙasa kuma babu mai cin wani. Ni a ganina a bar shi. A rubuta 1 zuwa 6 a ƴan takardu, a zuba cikin hula, mai jawowa ya karanta lambarsa da ƙarfi kowa ya ji.