Sharhin Fim: "Something the Lord Made", Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi?

FIM: Something the Lord Made
KAMFANI: HBO, Amurka
SHEKARA: 2004
DARAKTA: Joseph Sargent
TSARA LABARI: Peter Silverman da Robert Caswell
'YAN WASA: Alan Rickman, Mos Def, Mary Stuart Masterson, Gabrielle Union, Kyra Sedgwick, Charles S. Dutton

Mai karatu, a wannan watan za mu ɗan leƙa waje. Fim ɗin da ke gabanmu babu harbe-harbe a cikinsa, babu tseren mota, babu rawa da waƙa. Labarin mutum biyu ne da suka shekara 34 suna aiki kafaɗa da kafaɗa a kan zuciyar ɗan'adam, ɗaya farar fata likita, ɗaya baƙar fata kafinta. Duniya ta san sunan na farko tun yana raye, na biyun kuwa sai da furfura ta cika masa kai. Kuma ba ƙagaggen labari ba ne, abu ne da ya faru.

LABARIN FIM

Labarin ya soma a 1930 a birnin Nashville na Amurka, zamanin da tattalin arzikin ƙasar ya karye. Vivien Thomas (Mos Def) saurayi ne ɗan shekara 19, ɗan kafinta, shi ma kafinta. Ya daɗe yana tara kuɗi don ya yi karatun likita. Aikin kafinta ya tsaya, sai ya samu wani a ɗakin gwaje-gwajen Jami'ar Vanderbilt, wajen Dakta Alfred Blalock (Alan Rickman), inda aka ɗauke shi shara da kula da karnukan gwaji. Ba a jima ba bankin da yake ajiya ya durƙushe, kuɗin karatu suka bi ruwa.

Blalock mutum ne mai zafin rai da baƙar magana, amma yana da ido. Nan da nan ya lura hannun yaron nan ba na shara ba ne. Ya fara koya masa fiɗa da ɗinki a jikin karnuka, kafin wani lokaci Thomas ne ke yin tiyatar gwajin, maigidan yana duba sakamako. Binciken da suka yi tare ya nuna cewa abin da ke kashe wanda ya ji mummunan rauni shi ne raguwar jini da ruwan jiki, ba wata guba ba kamar yadda likitoci da yawa suka ɗauka a lokacin. Wannan sani ya ceci sojoji masu yawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Duk da haka, a takardar albashi sunan Thomas yana layin masu shara.

A 1941 aka ba Blalock shugabancin sashen tiyata na asibitin Johns Hopkins a Baltimore, ya ce sai da Thomas zai tafi. A can suka haɗu da Dakta Helen Taussig (Mary Stuart Masterson), likitar zuciyar yara, wadda ta kawo musu matsalar jariran da ake haifa jikinsu yana yin shuɗi.

To mene ne wannan ciwo? Aikin zuciya shi ne ta tura jini huhu ya ɗebo iska, ya dawo, sannan ta watsa shi cikin jiki. Waɗannan yara ana haifarsu da naƙasu huɗu a zuciya, manya daga ciki su ne ƙuntatar hanyar da ke kai jini huhu, da kuma ɓula a bangon da ya raba ɗakunan zuciya biyu na ƙasa. Saboda haka jini da yawa yakan zagaye jiki bai je huhu ba. Leɓe da farce su yi shuɗi, yaro ya yi taku kaɗan ya tsuguna yana haki, a wancan lokaci kuma yawancinsu ba sa girma. Taussig ta ce in da za a buɗe wa jinin wata hanya ta biyu zuwa huhu, da an taimake su.

Thomas ya duƙufa. Ya yi gwaji a kan karnuka wajen 200: da farko ya haddasa musu irin ciwon, sannan ya gyara. Dabarar ita ce a yanko jijiyar da ke kai jini hannu a ɗinke ta da jijiyar huhu. Kayan aikin da za su dace da jikin jariri babu su a kasuwa, shi ya zauna ya gyara allurai da matsewa da hannunsa. Ranar 29 ga Nuwamba, 1944, aka shiga da Eileen Saxon, 'yar wata 15, ɗakin tiyata. Blalock ne riƙe da wuƙa, amma sai da ya sa aka kira Thomas ya hau ɗan benci a bayansa, yana leƙowa ta kafaɗarsa yana gaya masa inda zai soka allura. Da aka saki matsewa, jikin yarinya ya juye daga shuɗi zuwa ja.

Daga nan iyaye suka yi ta tururuwa da 'ya'yansu daga ko'ina. 'Yan jarida suka zo, aka ɗauki hotuna, aka yi liyafa. Babu Thomas a hoto, babu shi a jawabin godiya.

JIGO

Wanda ya ji labarin a gurguje zai ce ai shi ke nan, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai gaskiya a nan. Takardar da ta sanar da duniya wannan aiki a 1945 sunan Blalock da Taussig kawai ta ɗauka. Thomas, don albashi bai isa ba, yakan yi aikin raba abin sha a liyafar gidan Blalock, yana miƙa wa likitocin da ya koya wa ɗinki da safe kofi da dare. Fim ɗin bai ɓoye ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Amma abin da ya ɗaga fim ɗin sama da tsararrakinsa shi ne ya ƙi tsayawa a kan karin maganar. Da darakta ya so sauƙi, da ya mai da Blalock mugu, mu tsane shi mu huta. Bai yi ba. Blalock ɗin da muka gani shi ne ya gano baiwar yaron, shi ya ba shi farar riga a asibitin da baƙar fata ke shiga ta ƙofar baya, shi ya yi faɗa a ƙara masa albashi, shi ya dage sai an shigo da shi ɗakin tiyata a gaban manyan likitoci. Kuma shi ɗin dai ne ya tsaya gaban taro ya gode wa kowa ya tsallake shi. Yana ƙaunar hannun Thomas, yana girmama kansa, amma bai taɓa yarda ya sa kujerarsa cikin haɗari dominsa ba. A cikin ɗakin gwaji abokai ne; da an fito baranda sai kowa ya koma matsayin da garin ya ajiye shi.

Wannan shi ne ciwon da fim ɗin ya taɓa, kuma ya fi zaluncin maƙiyi zafi. Maƙiyi ka san inda ka ajiye shi. Amma ubangidan da ya yi maka rana, ya kuma danne maka suna, ina za ka sa shi? Ka tafi, aikin da ranka ke so yana hannunsa. Ka zauna, kullum kana haɗiye abu. Akwai fitowar da Thomas ya ajiye aikin bayan liyafar nan, ya je neman shiga jami'a, aka ce masa duk abin da ya sani ba za a lissafa ba, sai ya faro daga ajin farko. Ya dawo wurin Blalock. Wani zai ce ya sha kaye. Ni a ganina a nan fim ɗin ya faɗi maganarsa: mutumin ya auna, ya ga ya fi son aikin a kan yabon, ya zaɓa ido buɗe. Sai dai zaɓinsa bai wanke waɗanda suka tilasta masa zaɓin ba.

An kuma kyauta da aka sa yayansa, Harold, malamin makaranta mai fafutukar a daidaita albashin malamai baƙaƙe da na farare. Shi hanyarsa kotu da gwagwarmaya, ƙanensa hanyarsa haƙuri da ƙwarewa. Fim ɗin ya jera su bai ce wane ne ya fi ba.

Sunan fim ɗin ma daga bakin Blalock ya fito. Wata rana ya duba ɗinkin da Thomas ya yi a zuciyar kare, ya nemi tabo ya rasa, ya ce kai ka ce ba hannun mutum ba ne, haka Ubangiji ya halitta. Yabo ne babba. Amma a lura, a cikin ɗaki aka yi shi, ba a gaban jama'a ba.

'YAN WASA

Masu kallon finafinan Amurka sun san Alan Rickman, shi ne bos a "Die Hard" na 1988, shi ne kuma malam Snape na "Harry Potter". Baturen Ingila ne, amma ya ari harshen mutanen kudancin Amurka. Wani lokaci harshen yakan zame masa, sai dai idonsa ya biya. Dubi yadda yake kau da kai duk sanda ya san bai kyauta ba. Ba ya ba da haƙuri da baki, fuskarsa ce ke yi. Rickman ya mutu a 2016, kuma wannan na cikin wasanninsa da ba a cika ambato ba alhali sun cancanta.

Mos Def, wanda daga baya ya koma amfani da sunan Yasiin Bey, mawaƙi ne, don haka na zaci zai cika hayaniya. Ina! Wasansa duk a ƙasa-ƙasa yake. Murya a sanyaye, kafaɗa a ɗan sunkuye, fushi a cikin muƙamuƙi. A fitowar da Blalock ya zazzage shi da ashar tun farkon zamansu, bai ɗaga murya ba, ya ɗauki rigarsa ya kama hanya, sai ga likita ya biyo shi da ban-baki. Wallahi wannan shirun ya fi dogon jawabi. Ya kuma koyi riƙon kayan tiyata har mai kallo ya yarda hannun gwani ne.

INDA AKA GAZA

Na farko, an tauye Dakta Taussig. Fim ɗin da ya zo ƙorafin an danne wa wani haƙƙi bai kamata shi ma ya rage wa wata nata ba. Matar nan ita ta lura cewa jariran da wata 'yar jijiya ta cikin ciki ba ta rufe musu da wuri ba sun fi daɗewa, daga nan tunanin ya samo asali. Ta fara kai shawarar wurin Dakta Robert Gross a Boston bai karɓa ba. Ga matsalar ji da ta same ta har ta koyi sauraren zuciyar yara da yatsunta, ga wariyar da ta sha a matsayinta na mace. An nuna kaɗan, aka wuce. Haka matan gidan biyu, Clara (Gabrielle Union) da Mary (Kyra Sedgwick), aikinsu bai wuce jiran miji da ƙorafi ba.

Na biyu, an yi wa nasarar kwalliya. Mai kallo zai tashi da zaton an warkar da Eileen. Gaskiyar ita ce aikin ya ƙara mata watanni ne kawai. Shuɗin ya dawo, aka sake tiyata, ta rasu tana ƙarama. Yaran da suka biyo bayanta ne suka tabbatar da dabarar. Kuma tiyatar ba a cikin zuciya aka yi ta ba, a jijiyoyin gefenta ne, sauƙi take kawowa ba gyara ba. Gyaran cikin zuciya sai a shekarun 1950, bayan su John Gibbon sun yi nasara da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu a 1953. Faɗin haka ba zai rage wa su Thomas komai ba, su suka karya tsoron taɓa zuciya.

Na uku, kuma mafi girma, ƙarshen ya yi daɗi da yawa. Blalock ya mutu a 1964, sai aka yi tsalle zuwa ranar karramawa, ga tafi, ga kiɗa mai sa hawaye. E, an yi karramawar: likitocin da ya horar suka sa aka zana hotonsa, aka rataye a asibitin a 1971, a 1976 kuma jami'ar ta ba shi digirin girmamawa. Amma digirin na fannin shari'a ne, ba na likita ba, kuma ya zo shekara 32 bayan Eileen. Mutumin da ya koyar da irin su Denton Cooley, wanda ya zama ɗaya daga cikin shahararrun likitocin zuciya na duniya, bai taɓa samun izinin yi wa ɗan'adam tiyata ba. Ya yi ritaya a 1979, ya mutu a 1985, littafin tarihinsa da ya rubuta ya fito bayan ransa. Fim ɗin ya sa mu ji kamar an biya bashi. Ba a biya ba, an dai amsa cewa akwai shi.

Sai ƙananan abubuwa: kwalliyar tsufa ba ta zauna sosai a fuskar Mos Def ba, kuma cusa shekaru sama da 40 cikin abin da bai kai awa biyu ba ya sa rabin ƙarshe yana gudu.

KAMMALAWA

Duk da haka fim ne da ya ci sunansa, bai kuma ci kyautar Emmy ta 2004 a banza ba. Ga masu shirya finafinanmu akwai abin ɗauka guda biyu. Ɗaya, a ga yadda aka yi bincike kafin a kunna kyamara. Likita a nan ba mai farar riga ba ne da zai fito ya girgiza kai ya ce sai haƙuri; mai kallo yana fita ya fahimci ciwon da maganinsa. Biyu, kowa ya dubi bayan kafaɗarsa. Marubucin da aka sayi labarinsa aka goge sunansa, da mai tace hoto da ya kwana a kan na'ura, su ma a kan benci suke tsaye.

A yau likitoci da yawa sun koma kiran tiyatar da suna uku: Blalock, Thomas, Taussig. Wanda ya samu fim ɗin ya kalla, ya kuma daure ya karanta sunayen da ke wucewa a ƙarshe har su ƙare.