Sai Mun Neme Ki: Tarken Littafin Susan Eisenberg

A shekarar 1978 gwamnatin Jimmy Carter ta Amurka ta gindaya sharaɗi ga 'yan kwangilar da ke gini da kuɗin tarayya, cewa su riƙa ɗaukar mata har rabonsu ya kai kashi 6.9 cikin ɗari na sa'o'in aiki. A shekarar ce Susan Eisenberg ta shiga koyon aikin lantarki a birnin Boston. Bayan shekara 20, a 1998, ta fitar da We'll Call You If We Need You, sunan da ta aro daga sallamar nan da ake yi wa mai neman aiki idan ba a marmarin sake ganinsa. Littafin hira ce da mata 30: kafintoci, masu lantarki, masu fenti, masu aikin famfo da masu ɗaura ƙarafan dogayen benaye.

Wanda ya buɗe shi da tsammanin jin batsa da ba'a zai ji su har ya gundura. Amma ba nan ƙarfin littafin yake ba. Abin da marubuciyar ta kama, kasancewarta 'yar hannu, shi ne cewa sana'ar gini ba a allo ake karanta ta ba. Daga hannun gwani take gangarowa zuwa hannun ɗan koyo. Saboda haka gwanin da ba ya son mace kusa da shi ba ya buƙatar ɗaga murya. Ya isa ya ƙi nuna mata, ya bar ta da shara da aike. Idan shekarun koyo suka cika, sai a ce ba ta iya ba, kuma rashin iyawar ya zama hujja a kan duk wadda za ta biyo bayanta. Sannan ga haɗari. A saman bene ran ma'aikaci yana hannun abokin aikinsa, wanda ya riƙe masa tsani ko ya ce masa an kashe wutar waya. Ƙiyayyar da a ofis iyakarta ɓacin rai, a nan tana iya kai mutum kushewa.

Babi guda ta ware wa matsalar makewayi. Na fara ɗaukar wannan a matsayin ɓata takarda, daga baya na gane kuskurena: wurin aikin da ba a tanadar wa mace inda za ta kewaya ba ya riga ya faɗa mata matsayinta tun kafin wani ya buɗe baki.

Mai karatu Bahaushe ba zai rasa abin tunawa ba. A ginin ƙasa na gargajiya maza ke ta da bango, mata ke yin daɓe. Tarihi ya adana sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu da masallacin Juma'ar Zariya, amma mu ɗaliban adabi waƙoƙin daɓe kawai muke nazarta, kamar waƙa ce ta tara matan ba aiki ba.

Eisenberg ta yi adalci. Ta ba da fili ga mazan da suka koyar da gaskiya, da kuma daɗin da matan ke ji idan suka wuce gaban ginin da hannunsu ya taɓa. Wannan ne ya hana littafin zama kundin koke. Inda nake da ja shi ne zubi da tsari. Ta yayyanka hirarrakin ta rarraba su bisa jigo, ta yadda mace za ta yi magana kaɗan ta ɓace, sai can gaba ta sake ɓullowa. Hujja ta yi ƙarfi da wannan dabara, amma mai karatu yakan manta wace ce wace, alhali ƙorafin matan tun farko shi ne ba a kallon kowacce a matsayin kanta.

Lokacin da littafin ya fito, mata ba su kai kashi 3 cikin ɗari na masu sana'o'in gini a Amurka ba. Umarnin shugaban ƙasa na 1965 da sharaɗin 6.9 ya dogara a kansa kuwa, an soke shi a watan Janairun 2025.