Aljihu 24: Kariya ga Kalandar Adbent ta Gida

Da zarar Nuwamba ta doshi ƙarshe, masu sukar kalandar Adbent, wadda ake ƙidaya kwanakin da suka rage kafin Kirsimeti da ita, sai su fito da zarge-zargensu biyu na kullum. Masu tsananin riƙo da ibada a cikin Kiristocin Turai da Amurka suna cewa an mayar da makonnin tuba da jiran zuwan Almasihu wasan yara da shan zaƙi. Masu rubutu a kan tarbiyya kuma suna nuna yatsa ga kalandar da ake haɗawa a gida, wadda ake sa wa iyali ɗan aiki a kowace rana maimakon cakulan, suna cewa ƙarin kaya ne a kan uwa a watan da gajiya ta fi yi mata yawa, kuma gasar nuna hotuna a Instagram ce ke hura wutarta. Na farko sun leƙa kanti ne suka yanke hukunci a kan gida. Na biyu sun taɓo gaskiya, amma sun kama ta ta wutsiya.

Abin nan a gida aka haife shi, kanti daga baya ya karɓe shi riƙo. A gidajen Furotesta na Jamus a ƙarni na 19, uwa kan ja layi 24 da alli a jikin ƙofa, yaro ya share ɗaya kowace rana. Wasu kan liƙa hoto ɗaya a bango kullum har su cika. A gidajen Katolika kuwa yara kan sa tsinken ciyawa a cikin ɗan komin dabbobi duk ranar da suka yi abin kirki, don jariri Yesu ya tarar da shimfiɗa mai laushi. A 1839, Johann Hinrich Wichern, wanda ya kafa gidan renon yara matalauta na Rauhes Haus a Hamburg, ya jera kyandirori a kan ƙafar keken doki, ƙanana jajaye na ranakun mako, manya farare 4 na Lahadi, saboda yaran sun ishe shi da tambayar yaushe Kirsimeti zai zo. Ko a littafin Buddenbrooks na Thomas Mann, na 1901, kalandar da yaro Hanno yake ƙidaya da ita mai renonsa ce ta yi masa da hannunta. Gerhard Lang, ɗan fasto daga Maulbronn wanda ya yaɗa bugaggiyar kalanda daga birnin Munich a farkon ƙarni na 20, daga mahaifiyarsa ya ɗauko dabarar, domin ita ce ta riƙa ɗinka masa ƙananan biskit 24 a jikin kwali. 'Yan ƙofofin da ake buɗewa sun zo a shekarun 1920. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse sana'ar, Richard Sellmer ya farfaɗo da ita a Stuttgart a 1946, ta haye teku zuwa Amurka, cakulan ya shigo, yau ga kalandar turare, ga ta giya, ga ta abincin kyanwa. Waɗannan na ƙarshen ba su cancanci a ɓata musu tawada ba.

Akwai masu ƙorafin cewa ƙidayar ma ba daidai take ba, tunda Adbent na coci yana somawa ne ranar Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, wadda kan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, ita kuwa kalanda ta kafe a kan 1 ga Disamba. Haka ne. Amma yaro ɗan shekara 5 lambar da yake gani a bango ya sani, kuma Lahadin da ake magana tana da kyandirinta a kan tebur. Wannan ba abin da za a tsaya a kai ba ne.

Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne 'yar takardar nan da ake naɗewa a sa a aljihu. Mazubinta ba shi da wani muhimmanci: yadi mai aljihu 24 da kaka ta ɗinka, ko kwalayen ashana da aka manne aka yi musu lamba, ko ambulan a rataye a igiya, ko safar yara da ta rasa 'yar'uwarta. Duk fasahar tana cikin jimla ɗaya da aka rubuta a takardar. Ga irin wadda nake nufi: "Yau za mu kashe fitilu mu ci abincin dare a hasken kyandir." A lura da kalmar farko. "Yau" ce, ba "wata rana" ba, ba "idan an samu lokaci" ba, waɗanda su ne kalmomin da yara suka fi ji daga bakin manya a sauran watanni 11. Sannan a lura da "za mu". Ƙofar cakulan tana ce wa yaro "ga naka", ya buɗe, ya haɗiye, kafin ya sa takalmin makaranta an gama. Takarda kuwa tana buɗe bashi ne da safe wanda sai da yamma za a biya, kuma wanda ake bi bashin shi ne ya rubuta da hannunsa. Yaro yana wuni a makaranta da jimlar a kansa. Uba ma yana wuni a wurin aiki da sanin cewa an karanta ta da ƙarfi a gaban kowa.

Takarda mai kyau tana da alamomi da ake gane ta da su. Tana ambaton abu ɗaya tak. Ba ta buƙatar kuɗi ko mota. Ana iya cika ta cikin minti 15 ko da kowa ya dawo a gajiye. "Yau za mu yanka taurari da takarda mu liƙa a taga." "Yau za mu kira Kaka mu rera mata waƙa ɗaya." "Yau Baba zai ba da labarin Kirsimetin da ya fi tunawa lokacin yana yaro." "Yau kowa zai rubuta kati ga wanda bai sa ran samu ba." Ta ukun nan ta fi burge ni, domin ta kira sunan mutum. Ba ta bar ƙofar da uba zai ce uwa ta ji da shi ba. Mummunar takarda kuma ita ce mai cewa za a je kallon wasa a gari, ko za a gina gidan biskit mai hawa biyu ranar Talata. Irin waɗannan ne ke karya uwa a tsakiyar wata, kuma su masu sukar nan suka gani suka ɗora laifin a kan al'adar gaba ɗaya. Wanda ya cika aljihuna 24 da manyan shagulgula bai fahimci abin da yake haɗawa ba. Ya ɗauka jerin biki ne, alhali jerin jira ne, kuma jira ba ya son a ƙoshi tun kafin ranar.

Daga nan sai jeri, wato wace takarda za ta shiga wane aljihu, wanda a ganina nan ake bambanta gwani da ɗan koyo. Watan yana da turakunsa da al'ada ta riga ta kafa, gwani a jikinsu yake ɗaure sauran. A Jamus, 4 ga wata ranar Waliyya Barbara ce, ana yanko reshen itacen ceri a sa a ruwa a ɗaki mai ɗumi don ya yi fure wajen Kirsimeti. Takardar ranar ta rubuta kanta, kuma ta haifar da wata ƙidayar a cikin ƙidaya, domin yara za su riƙa duba reshen kullum. Daren 5 ga wata ana goge takalma a ajiye a bakin ƙofa saboda ranar Waliyyi Nikolaus, 6 ga wata. A Suwidin 13 ga wata ta Waliyya Lusiya ce, da kambin kyandir da burodi mai launin rawaya. Ranakun Lahadi 4 suna da kunna kyandir da karatun Nassi, kuma gidajen da ke bin al'adar itacen Yesse, wadda ta samo tushe daga Ishaya sura 11, suna rataya alamar labari ɗaya na Tsohon Alkawari kowace rana, daga halitta har zuwa Baitalami. (Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa kalandar gida ta kori ibada.) Tsakanin turakun nan sai a zuba ƙanana: bayan rana mai nauyi a sa mai sauƙi, aikin da ke ɓata kicin a kai shi Asabar, makon ƙarshe na makaranta a bar shi da labari da waƙa. Ayyukan kyauta, kamar zaɓen abin wasa mai kyau a kai wa wani yaro, a sa su da wuri, kafin hankalin yara ya tattaru kacokan a kan abin da za su samu. Takardar 24 kuwa ita ya kamata ta fi kowacce gajarta. A Jamus da ƙasashen arewacin Turai a daren jajiberin ake raba kyaututtuka, shi ya sa ƙidayar ta tsaya a 24, kuma ranar ta riga ta cika maƙil.

Masu wannan al'ada sun rabu a kan abu ɗaya: a cika aljihunan duka kafin 1 ga Disamba, ko a riƙa sa takarda ɗaya kowane dare bayan yara sun yi barci? Wasu masu ba da shawara suna goyon bayan na biyu, wai don a duba yanayin gobe a zaɓi abin da zai yiwu. Ni ina tare da na farko. Takardar da aka rubuta jiya da dare tana bin gajiyar mai rubutu ne. Wadda aka rubuta tun Nuwamba ta fi ƙarfin gajiyarsa. In ana tsoron kasawa, maganin shi ne a ƙanƙanta alkawarin tun farko, ba a bar wa kai hanyar zillewa ba. Kuma cikawa gaba ɗaya tana ba da damar raba aikin: uwa ta rubuta wasu, uba wasu, yaran da suka iya rubutu a ba su aljihu biyu ko uku su sa abin da suke so, iyaye su gani ranar da aka buɗe. Kaya ya sauka daga kan mutum ɗaya ke nan.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da na daɗe ina gani a kan al'adar. Kowa yana cewa kalandar Adbent tana koya wa yara haƙuri. Tana yi, amma kaɗan. Yaro zai jira Kirsimeti ko da kalanda ko babu, ba shi da zaɓi. Wanda kalandar aiki take horarwa da gaske shi ne babba. Ita ce takarda ɗaya tilo a gidan da yaro ke riƙe da ita a matsayin hujja a kan iyayensa. A kwatanta ta da 'yar tsanar Elf on the Shelf da ta fito daga littafin Carol Aebersold da 'yarta Chanda Bell a 2005, wadda ake ce wa yara tana kallonsu da rana, da dare ta kai rahotonsu wurin Baba Kirsimeti. A can ido yana kan yaro, kyauta ta rataya a kan halinsa. A nan ido yana kan iyaye, kuma ba a soke takardar yau don yaro ya yi rashin ji. Ba na ƙaunar 'yar tsanar nan ko kaɗan, kuma ina mamakin yadda ake jera ta da kalandar gida a matsayin abu ɗaya. Ko tsohuwar al'adar tsinken ciyawa, da ita ma take duba halin yaro, ladan ba aljihunsa yake shiga ba, shimfiɗar wani yake tausasawa. Jikarta ta zamani ita ce kalandar juyi da ta yaɗu a Birtaniya, inda iyali ke sa gwangwanin abinci ko sabulu ɗaya a kwali kowace rana, kamar asusu, a ƙarshe a kai wurin raba abinci ga mabuƙata.

Yaro Kirista a Jos ko Kafanchan ko Numan ba baƙon ƙidaya ba ne. Yana da ranar kai yadi wurin tela, ranakun gwajin waƙoƙi a coci, ranar kitso ko aski, ranar da za a soya cincin, ranar da 'yan'uwa za su iso daga birni, da ranar da za a kai wa maƙwabta shinkafa da nama. Iyalin da ke son rubuta waɗannan a takarda ba su da buƙatar aron dusar ƙanƙara ko itacen ceri. Turakunsu suna nan cikin hunturunsu.

Hujjata mafi ƙarfi a kan cewa manya al'adar ke ɗaurewa ita ce yadda take kasancewa idan ta fita daga ɗaki ta shiga unguwa. A ƙauyukan Suwizalan da sassan Jamus, gidaje 24 kan raba ranakun a tsakaninsu, a buga jerin a rarraba wa jama'a. Kowane gida ya ƙawata taga ɗaya da takarda mai launi da lambar ranarsa, ya rufe ta har yammacin da aka ba shi, sannan a kunna fitila maƙwabta su taru a waje cikin sanyi, wani lokaci da shayi mai zafi da waƙa. A Meziko, daga 16 zuwa 24 ga Disamba, dare 9 na Las Posadas, ayari kan bi gida-gida yana kwaikwayon Yusufu da Maryamu suna neman masauki, kowane dare da gidan da ya ɗauki nauyin buɗe ƙofa da ciyar da jama'a. Babu yaron da aka sa wa sharaɗi a cikin waɗannan. Magidanci ne ya sa sunansa a gaban lamba 17, kuma ko aiki ya riƙe shi, ko mura ta kama gidan, ƙauyen zai zo ya tsaya a ƙofarsa da yammacin 17.

A cikin gida ma wata rana dole a kasa: yaro ya kwana da zazzaɓi, ko uwa ta makara a hanya. A nan ne nake ganin gidaje da yawa suna kuskure, su yi shiru da fatan yaro zai manta. Ba ya mantawa. Abin da masu riƙe al'adar da kyau suke yi shi ne a ɗauko takardar a gabansa, a faɗi dalili, a rubuta sabuwar rana a bayanta, a mayar da ita aljihun wannan ranar tare da wadda ke ciki, ranar ta zo a cika biyun.