Tsakanin Ma'auni da Ganin Damar Alƙali: Sharhi a kan Hukuncin Paul Manafort na 2019

Gabatarwa

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin duba hukuncin da Alƙali T. S. Ellis na kotun tarayya da ke Alekzandariya, Jihar Bajiniya ta Amurka, ya yanke wa Paul Manafort ranar 7 ga Maris, 2019. Manafort shi ne ya taɓa shugabantar kamfen ɗin Donald Trump a 2016, don haka shari'ar tasa ta zo cikin ƙurar siyasa. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, kauce wa ma'aunin horo da alƙalin ya yi halas ne a doka, amma ɗaya daga cikin hujjojin da ya kafa ba ta da tushe.

Asalin Ma'aunin

Kafin 1984 alƙalin tarayya a Amurka yana da wuƙa da nama wajen ƙayyade tsawon ɗauri. Alƙali Marvin Frankel ya soki wannan hali a littafinsa na 1973, ganin cewa mutum biyu masu laifi iri ɗaya kan sami horo mabambanci saboda kawai bambancin alƙalai. Daga nan aka yi dokar gyaran horo ta 1984, aka kafa hukumar da ta tsara jadawalin da ya fara aiki a Nuwamba 1987. Jadawalin yana da matakai 43 na girman laifi da rukuni 6 na tarihin mai laifi. Inda biyun suka haɗu, nan ne adadin watannin ɗauri. A 2005, cikin shari'ar Booker, Kotun Ƙoli ta mai da jadawalin shawara: dole alƙali ya lissafa shi, amma yana iya kauce masa muddin ya bayyana dalili.

A laifuffukan ɓarayin biro, wato zamba da ƙin biyan haraji, yawan kuɗin da aka yi asara shi ke ɗaga mataki. Saboda haka lissafi kan haura ƙwarai, har alƙalai da dama, irin su Jed Rakoff a shari'ar Rajat Gupta ta 2012, suka yi ƙasa da shi sosai.

Hukuncin da Hujjojinsa

A Agusta 2018 aka sami Manafort da laifi takwas: biyar na zambar haraji, biyu na zambar banki, ɗaya na ɓoye asusun ƙasashen waje. Kuɗin kuwa ya same su ne daga aikin da ya yi wa 'yan siyasar Yukiren na ɓangaren Viktor Yanukovych. Jadawali ya nuna wata 235 zuwa 293. Ellis ya yanke wata 47, wato kashi ɗaya cikin biyar na mafi ƙanƙantar abin da jadawalin ya nuna.

Hujjarsa ta farko ita ce, wasu da suka ɓoye kuɗi a waje sun sami horo mai sauƙi, doka kuma ta umurci alƙali ya guji bambancin da ba shi da dalili. Wannan hujja muna ganin tana da ƙarfi, domin ana iya auna ta da shari'o'in da suka gabata. Haka nan ya kyauta da ya faɗa a fili cewa ba a kan zargin haɗa baki da Rasha yake horon mutumin ba.

Hujja ta biyu ita ce matsalar. Alƙalin ya ce, in ban da waɗannan laifuffuka, rayuwar Manafort ba ta da aibu. To, amma zambar ta ɗauki shekaru ana yin ta. Bugu da ƙari, a Yuni 2018 an soke belinsa a Washinton bisa zargin ƙoƙarin juya shaidu, a Satumba ya amsa laifin, sa'an nan a Fabrairu 2019 Alƙaliya Amy Berman Jackson ta tabbatar ya yi wa masu bincike ƙarya bayan ya yi alkawarin ba su haɗin kai. Duk wannan ya auku kafin Ellis ya yi maganarsa. Mai kuɗi da manyan lauyoyi shi ya fi iya tara shaidar kyawun hali, talaka kuwa da wuya ya samu; in har irin wannan shaida za ta rage shekaru goma sha biyar, to an koma gidan jiya da Frankel ya koka a kai.

Ranar 13 ga Maris Jackson ta ƙara masa wata 43, jimla ya zama shekara bakwai da rabi. A Disamba 2020 Shugaba Trump ya yi masa afuwa.

Kammalawa

Ba mu goyon bayan a mayar da jadawali wajibi, domin ma'aunin da ya rataya ga yawan kuɗi kaɗai yana iya zaluntar mutum. Abin da muke kira gare shi shi ne, duk lokacin da alƙali zai yi nisa da jadawali a shari'ar da siyasa ta shiga, ya kafa hujja da abin da ke rubuce a gaban kotu, wanda wani zai iya bincikawa. Jama'ar da ke kallo sun riga sun rabu gida biyu, kuma bayanin alƙali ne kaɗai zai nuna musu cewa da wani ne ya tsaya a wurin, horon da zai samu ke nan.