Fesawa da babbar riga

A 1991 wani ma'aikacin ɗab'i a Kalifoniya, Jack Duganne, ya rasa sunan da zai sa wa hajarsa. Kwafin zanen masu fasaha yake bugawa da injin Iris, wanda asali an ƙera shi ne don kamfanonin ɗab'i su duba launi kafin a buga dubbai. In ka ce wa mai tara zane injin kwamfuta ne ya feso wannan, nan take zai mayar da kuɗinsa aljihu. Sai Duganne ya aro kalmar Faransanci mai nufin fesawa, ya raɗa wa abin suna giclée. Fesawar dai ita ce, babbar riga kawai aka sa mata.

Aikin kansa ba na raini ba ne. Tawadar farko ta rini ce, in haske ya daɗe a kanta sai ta koɗe. Yanzu da tawadar garin launi ake yi, a kan takardar auduga zalla irin ta Hahnemühle ta Jamus, kuma launin yakan kai shekaru da dama bai gushe ba.

Inda nake da ja shi ne lambar nan da ake rubutawa da fensir a ƙasan hoto, 12/100. Masu sassaƙa zane a farantin tagulla suna da hujjar ƙayyade bugu, domin farantin cinyewa yake, layukansa suna dusashewa. Fayil ɗin kwamfuta kuwa ba ya tsufa. Na dubu da na farko duk uwa ɗaya uba ɗaya. Ashe mai saye ba ƙarancin abin yake biya ba, alkawarin mai bugawa yake biya cewa ba zai ƙara ba.

Amma a Benis kwafi ya yi abin da ya sa na sassauta. Paolo Veronese ya kammala zanen Bikin Kana a 1563, domin bangon ɗakin cin abinci na 'yan zuhudun San Giorgio Maggiore, faɗinsa kusan mita 10. A 1797 sojojin Napoleon suka yanke shi suka kai Faris, har yau yana gidan tarihi na Louvre. Daga baya kamfanin Factum Arte na Madrid ya ɗauki hotonsa gutsure-gutsure, ya buga a kan ƙyalle, aka kafa a ainihin bangon a 2007. Ginshiƙan cikin zanen suka sake haɗuwa da ginin da mai tsara gine-gine Palladio ya tsara, haske ya shigo ta tagogin da mai zanen ya yi lissafi da su.

Na asalin kuwa ɗaki ɗaya aka haɗa shi da Mona Lisa, suna fuskantar juna. Jama'a kan cika ɗakin maƙil, wayoyi a sama, akasarinsu sun ba Veronese ƙeya.