Sunayen Garuruwa a Tsofaffin Taswirorin Hanyar Jirgi

Taswirorin da Turawan safiyo suka zana na hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wadda aka gama a 1929, sun nuna tudu da kwari da rafi da tasha yadda ya kamata. Amma wajen sunayen garuruwa, shaidarsu ba abin dogara ba ce, gama masu zanen sun rubuta abin da kunnensu ya jiye musu ne. Tsafe ta zama Chafe. Ƙaura kuwa, da aka cire wa harafin farko ƙugiya, sai ta koma kaura, watau irin dawa. Saboda haka ya wajaba malami ya tambayi manoman wurin kafin ya koya wa ɗalibai, don sunan gari a bakin mutanensa yake.